Memorin kyamara ya ce a yi masa fomat: hotunan sun tafi ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ɗauki hotunan ɗaurin aure da kamu a memori mai giga 32. Da na sa shi a kwamfuta zan kai wanki sai ta ce wai sai an yi masa fomat. Na mayar kyamara, ita ma ta ƙi karantawa. Ga masu biki sun sa ni a gaba. Ina mafita?
Mai hoto, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda da fomat ɗin nan, kuma kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya da memorin. A gefen katin SD akwai ɗan makulli, ka zame shi ƙasa wajen da aka rubuta Lock, don kada wata na'ura ta rubuta komai a kai.

Galibi hotunan suna nan. Abin da ya lalace shi ne ɗan teburin da ke nuna inda kowane hoto yake kwance, wato FAT32 a kati mai giga 32 zuwa ƙasa, exFAT a manya. Rijistar aji ce ta yage, ɗalibai kuwa suna zaune a kujerunsu. Teburin yakan lalace idan batir ya mutu kyamara tana cikin ajiye hoto, ko aka zare kati fitilar kyamara mai nuna ana ajiya tana ƙyaftawa, ko aka fizge shi daga kwamfuta. Abin da ke hallaka hoto da gaske shi ne a rubuta sabon abu a gurbinsa.

Fara da mai sauƙi. Goge haƙoran zinaren katin da busasshen ƙyalle mai laushi, ƙurar hunturu ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Sannan ka canza rida, wato abin da ake sa kati a ciki a jona da kwamfuta, domin waɗannan masu arha sun fi katin saurin mutuwa. Buɗe Disk Management a Windows. In katin ya fito da girmansa, giga 29 da ɗoriya (haka giga 32 ke fitowa a Windows), ko da an rubuta RAW a kansa, wato Windows ba ta gane teburinsa ba, akwai fata sosai. In bai fito ba sam a rida biyu ko uku, ko ya nuna girman da bai dace ba, to ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi ce ta mutu. Nan babu manhajar da za ta yi aiki, sai masu cire guntun ajiyar su karanta shi kai tsaye, aikin kuma da tsada.

In ya fito, ka fara kwafe shi gaba ɗaya zuwa fayil guda da Win32 Disk Imager, maɓallin Read za ka danna, ba Write ba. Ka tanadi filin giga 32 a kwamfuta. Kati mai ciwo yana iya ƙarasa mutuwa ana cikin bincike, kwafin nan ne madogararka.

Sai PhotoRec, kyauta ce, tana zuwa tare da TestDisk. Ba ta damu da teburin ba, bin katin take yi daga farko har ƙarshe tana neman alamar da kowane hoton JPEG ke farawa da ita. Buɗe qphotorec, zaɓi katin ko kwafinsa, zaɓi Whole. A File Formats ka bar jpg. In kana ɗaukar hoto a tsarin RAW na kyamara, CR2 na Canon da NEF na Nikon suna ƙarƙashin tif, bidiyon MOV da MP4 kuma ƙarƙashin mov. Wurin ajiya ya zama folda a kwamfuta, kada ka kuskura ka mayar kan katin. Ka cika cajin laftof tukuna, ka san halin wutarmu.

Hotunan za su fito a foldoji masu suna recup_dir da sunaye na lambobi, amma kwanan wata da lokacin ɗauka suna cikin hoton, da su za ka jera na biki. Ka jera su da girma kuma, ka ware ƙananan da ba su kai a wanke ba. Wanda ya fito rabinsa toka-toka, an rubuta wani abu a kansa ko a warwatse aka ajiye shi. Bidiyo ya fi faɗawa wannan matsala.

Wasu za su ce ka yi chkdsk, wato umarnin gyaran faifai na Windows. Mu ba ma ba da wannan shawara kafin a ceto hotuna, domin a kan katin yake rubutu, yana iya daddatsa hotunan zuwa fayilolin CHK. Bayan an gama, a cikin kyamara ake yin fomat. Katin da ya taɓa yin haka kuwa, kada ka sake kai shi biki ko hawan Daushe.

Tambaya: Na kai memorina wani shagon kwamfuta a Samaru, na dawo foldar DCIM ta zama shotkat, babu hoto ko ɗaya.
Ɗaliba, Samaru

Amsa: Malama, bairos ne ya ɓoye su, bai goge ba. Duba ki gani, filin da suka ci yana nan a cike. Kada ki danna shotkat ɗin. Ki wanke katin da riga-kafin bairos, ki buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ki rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ki sa harafin katinki a madadin E. A nan makullin sai ya kasance a buɗe. Gaba in za ki kai wanki, ki kulle shi, ko ki kai a filash.

Tambaya: Na sayi memori mai giga 128 da arha. Hotunan farko suna buɗewa, na baya sunansu yana nan amma ba sa buɗewa.
Mai karatu, Sabon Gari

Amsa: Alhaji, wannan alamar jabu ce. Ƙaramin kati ne aka sa shi yana faɗin girman da ba shi da shi. Da ainihin filinsa ya cika, abin da ya biyo baya ba a ajiye shi ko'ina ba, ko kuma ya danne na farko. PhotoRec ba za ta dawo da abin da bai taɓa zama a katin ba. Ka kwashe masu buɗewa yau. Duk sabon kati, tun babu komai a ciki, ka gwada shi da H2testw: tana cika shi da bayanai, ta sake karantawa, ta faɗa maka giga nawa ne na gaske. Ka yi gwajin ranar da ka saya, tun mai shago bai manta fuskarka ba.