Haddis, SSD ko filash: wanne zan amince wa da aikina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina tsakiyar rubuta furojet. Laftop ɗina ta yi nauyi, sai ta daɗe kafin ta tashi, wani lokaci kuma ina jin ƙara kyat-kyat daga cikinta. Mai gyara ya ce in cire haddis in sa SSD, ƙawata kuma ta ce in kwashe komai in zuba a filash. Don Allah mene ne bambancinsu, yaya suke aiki, kuma wanne ya fi aminci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, tun kafin ki gama karanta wannan amsa, ki tashi ki kwafe furojet ɗin nan zuwa wani wuri. Wannan ƙarar da kike ji ba ta alheri ba ce, zan kuma gaya miki dalili.

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Na farko shi ne RAM, wanda yake kamar allon almajiri: a rubuta karatun yau, a biya, a wanke. Yana da sauri ƙwarai, amma da an ɗauke wuta ko batir ya mutu, duk abin da ke kansa ya tafi. Shi ya sa idan kina rubutu ba ki adana ba, kwamfuta ta mutu, sai ki dawo ki tarar babu komai. Na biyu shi ne ma'ajiya ta dindindin, wadda take kamar littafi, tana riƙe abin da aka ba ta ko babu wuta. Haddis, SSD, filash, katin memori da faifan sidi duk nan suke. Dukkansu sifili da ɗaya suke ajiyewa, amma dabara uku ce: wasu da maganaɗisu, wasu da haske, wasu da cajin lantarki. Idan kika gane dabarar kowanne, kin gane yadda yake mutuwa, kuma a wurina wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci mai kwamfuta ya sani.

Haddis da maganaɗisu yake aiki. Na sha buɗe wanda ya lalace a kan teburin gyara. A ciki za ki ga faifai mai sheƙi kamar madubi, na alminiyom ko na gilas, an shafe shi da wani siririn sinadari mai ɗaukar maganaɗisu, ga kuma wani ɗan hannu mai tsini a kansa, kamar allurar garmaho. Faifan na laftop yakan juya sau 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 a daƙiƙa guda. Na manyan kwamfutoci sau 7,200. Allurar ita ke juya fuskar maganaɗisun kowane ɗan gurbi, nan sifili, can ɗaya, ita kuma ke karantawa. Abin mamakin shi ne ba ta taɓa faifan ko kaɗan. Iskar da juyin ke tayarwa ce ke ɗauke da ita, kuma ratar da ke tsakaninsu gashin kai ya fi ta kauri sau dubbai. To ki duba abin da zai faru idan laftop ta faɗo daga gado tana kunne, ko aka jefa ta cikin jaka aka hau babur ba a kashe ta ba. Allura ta karci faifai, wurin ya tashi daga aiki. Wannan kyat-kyat ɗin sau da yawa hannun ne ke neman wurin da zai karanta, ya rasa, ya koma ya sake farowa. Haddis mai irin wannan kuka zai iya yin wata guda, zai iya kuma ƙin tashi gobe da safe.

Duk da haka ban raina haddis ba. Na farko da kamfanin IBM ya fitar a Amurka a 1956 faifai 50 ne a cikinsa, kowanne faɗin inci 24, kuma duka abin da yake ɗauka bai wuce megabayit 5 ba, kusan hoto ɗaya ko biyu na wayar yau. Yanzu ana samun mai terabayit 20 da zai zauna a tafin hannu, kuma har gobe shi ne mafi araha idan wuri mai yawa ake nema. Yana da wata falala kuma: idan kika goge fayil, sunansa kawai ake cirewa daga jerin, ainihin bayanin yana nan har sai an rubuta wani a kansa, don haka a kan iya ceto shi.

SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Ƙananan ɗakuna ne biliyoyi a cikin guntun silikon, kowanne ana tura masa caji a kulle, yawan cajin da ke ciki shi ke nuna sifili ko ɗaya. Wani injiniya ɗan Japan, Fujio Masuoka, shi ya ƙirƙiro wannan fasaha a kamfanin Toshiba a shekarun 1980. Tunda babu allurar da za a jira ta je ta dawo, sauri ya samu. Haddis yakan karanta megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD irin na SATA, wato mai mahaɗi irin na haddis, kusan 550, irin na NVMe mai sabuwar hanyar jonawa kuma 3,500 ko fiye. Amma inda za ki fi jin bambancin shi ne wajen tashin kwamfuta, saboda lokacin tana neman ƙananan fayiloli ne dubbai a warwatse. A nan mai gyaran ki ya faɗi gaskiya, babu canjin da ke farfaɗo da tsohuwar laftop kamar wannan.

Sai dai SSD ma yana da nasa rauni. Kowane ɗaki yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa, shi ya sa ake sa masa ɗan na'ura mai rarraba rubutu don kada wasu ɗakuna su tsufa kafin wasu. Mai amfanin yau da kullum da wuya ya ƙure wannan iyaka, kada ya dame ki. Abin da ya fi damuna biyu ne. Ɗaya, SSD ba ya kuka kafin ya mutu. Yau lafiya, gobe kwamfuta ba ta ganin sa. Biyu, abin da aka goge a kansa yawanci ya tafi ke nan, domin shi da kansa yake share gurbin ba da daɗewa ba.

Filash da katin memori 'yan gida ɗaya ne da SSD, amma galibi da kaya masu araha ake yin su, kuma dabarar kula da ɗakunansu ba ta kai tasa ba. Abin ɗaukar saƙo ne daga wannan kwamfuta zuwa waccan, ba rumbu ba. Cajin da ke ciki yana zurarewa a hankali idan an ajiye shi shekaru ba a jona ba, zafi kuma yana ƙara gaggauta hakan, balle a bar shi cikin mota a ranar watan Afirilu. Ga kuma jabu, wanda ya cika kasuwa. An taɓa kawo mini wani da aka rubuta wa gigabayit 128, kwamfuta ma haka take nunawa, alhali 8 ne a cikinsa. Mai shi ta zuba hotunan bikin 'yarta, sunayen duk suna nan a jere, amma ana buɗewa babu komai, domin sababbi sun riƙa hawa kan tsofaffi. Har yau ina tuna yadda ta yi shiru tana kallon allon kwamfutar. Idan kin sayi sabo, ki gwada shi da manhajar H2testw, kyauta ce, tana cika shi sannan ta karanta ta gaya miki gaskiyar girmansa. Amma kada ki ɗauka an cuce ki idan kika ga mai terabayit 1 yana nuna gigabayit 931. Wannan bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows.

Faifan sidi da dibidi da hasken laza ake karanta su: ƙananan ramuka ne a jere, haske ya dawo ko ya kauce. Sidi yana ɗaukar megabayit 700, dibidi gigabayit 4.7. Duk mun ga zamaninsu a kasuwar finafinan Hausa kafin masu tura fim a memori su karɓe, kuma yawancin laftop na yanzu ba su ma da wurin sa su. Kaset kuwa bai mutu ba kamar yadda ake zato. Manyan ma'aikatu har yanzu suna adana bayanai a kaset na maganaɗisu, irin LTO-9 yana ɗaukar terabayit 18, sai dai dole a yi ta zare shi kafin a kai wurin da ake nema.

Game da furojet ɗinki, yau ki tura kwafi ɗaya zuwa Google Drive, wato ma'ajiyar Google da ke intanet, suna ba da gigabayit 15 kyauta, ko ki aika wa kanki ta imel. Kwafi na biyu ki sa a filash kamar yadda ƙawarki ta ce, amma kada ki goge na kwamfuta. Bayan nan ki sayi SSD mai gigabayit 256 ko 512, irin na SATA mai inci 2.5, wanda zai shiga daidai gurbin tsohon haddis ɗin. Ki ce wa mai gyara ya fara kwashe fayilolinki kafin ya taɓa komai, kuma ya dawo miki da tsohon a hannu, kada ki bar shi a shago, domin hotunanki da takardunki suna kansa. Allah ya ba da sa'ar kammalawa.