Tambaya da Amsa: Wa ke duba sikelin tauraron ɗan adam?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni ɗan kasuwa ne ina saida tumatir a Mile 12 nan Legas, yarona yace wai akwai tauraron ɗan adam dake auna ruwan sama tun daga can sama, to abinda ya ɗaure min kai shine ko sikelinmu na kasuwa in ya kwana biyu sai ya fara ƙarya, shi wancan wa ke hawa ya duba shi? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, yaronka bai yi ƙarya ba. Akwai wanda ake kira GPM, hukumomin sararin samaniya, NASA ta Amurka da JAXA ta Japan, suka harba shi a Fabrairun 2014, yana shawagi sama da kilomita 400 daga ƙasa ɗauke da rada mai jefo sigina, siginar ta bugi ɗigon ruwa ta koma, da ƙarfin komawar ake lissafa yawan ruwan.

Hawa kam babu mai hawa. Ka san ƙarfen kilo ɗayan nan da mai sikelin kirki ke ajiyewa ƙarƙashin tebur, in aka yi gardama ya ɗora kowa ya ga allura? To a Japan injiniyoyi nada irinsa, wata na'ura ce suke kafawa a fili, sun san daidai lokacin da tauraron zai gifta ta kansu sai su saita eriyarta, ta kama siginarsa ta auna, sannan ta mayar masa da wata wadda tun farko an san ƙarfinta, in ya rubuta ƙasa da haka ko sama da haka shikenan asirinsa ya tonu, sai a gyara a lissafin kwamfuta ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinsa ba. Ni wannan dabarar tana burge ni wallahi. Ana kuma gwada alƙalumansa da mazuban awon ruwa da radar ƙasa, irin ta tsibirin Kwajalein a tekun Pasifik.

Amma fa Alhaji duk awo ɗaya da zai yi, ruwan fili mai faɗin kusan kilomita 5 yake haɗewa wuri guda, kai kuwa ka san Legas, ana tsuga ruwa a Ketu, amma Ojota ko yayyafi babu, kuma ba kullum yake bi ta kanmu ba. In kana son sanin ruwan da ya sauka jiya a Ikeja, awon NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, na filin jirgi zaka nema.