Na'urar gano waya da bututun roba

Malam, ka tambaya ko na'urar gano wayar ƙarƙashin ƙasa za ta nuna maka bututun ruwa kafin ka haƙa ramin masai. In na ƙarfe ne, za ta iya nunawa, musamman in ka haɗa masa akwatin tura sigina. Na roba kuwa, irin PVC, ba ta ganinsa sam.

Wayar wuta ma ta fi jin ta idan wuta na gudana. Na taɓa duba wani fili an ɗauke wuta, na'ura ta yi tsit, ashe waya na kwance. Shebur ne ya tono ta, Allah ya sa ba diga ba. Inda na'urar ta yi ƙara, sa alama da fenti, ka tona da shebur, rabin mita kowane gefe.