Kibiyar maus tana ɓace wa mai kwamfuta: ina zan taɓa?

Maigida, an kawo laftof, mai ita dattijo ne, ya ce kibiyar maus tana yawan ɓace masa a allo, sai ya yi ta lalube. Na gwada maus ɗin, lafiyarsa ƙalau. Ta ina zan fara?

To ɗana, tunda maus lafiya yake, ajiye sukundireba, aikin na cikin saiti ne. Fara tambayarsa yaushe take ɓacewa, don amsarsa ce za ta nuna maka hanya.

In ya ce kullum ne, musamman a kan farin shafi, to ƙanƙanta ce da launi. A Windows 11 shiga Settings, sai Accessibility, sai Mouse pointer and touch. A Windows 10 wurin yana ƙarƙashin Ease of Access. Ma'aunin girma yana tafiya daga 1 zuwa 15. Kada ka ja shi ƙurya, domin ƙatuwar kibiya tana rufe abin da mutum yake son dannawa. Sa 3, zaunar da dattijon a tazarar da ya saba, da tabaraunsa, in bai gamsu ba ka ƙara zuwa 4 ko 5. Idonsa ne alƙali, ba naka ba.

Launi kuwa zaɓi huɗu ne: fari, baƙi, mai juyawa, da wanda ka zaɓa da kanka. Mai juyawar tana zama baƙa a kan fari, fara a kan baƙi, shi ya sa ake sonta. Amma tana da rauni ɗaya: a kan ruwan toka matsakaici, juyin nata ma ruwan toka yake fitowa, sai ta saje. Ni na fi yarda da launi mai ƙarfi wanda ba a cika gani a shafuka ba, kamar ruwan hoda mai haske ko kore shar.

Bayan haka, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta main.cpl ka danna Enter, sai ka buɗe shafin Pointer Options. Akwatin ƙasa-ƙasa, mai maganar CTRL, sa masa alama. Daga nan duk lokacin da aka danna Ctrl aka saki, da'irori za su tattaro zuwa inda kibiyar take. Nuna masa da kyau: Ctrl shi kaɗai, a danna a saki. In aka haɗa shi da wani maɓalli kamar C, ba abin da zai fito, sai mutum ya dawo ya ce ba ka yi aikin ba.

In kuma ya ce lokacin rubutu take ɓacewa, ba lalacewa ba ce. A wannan shafin dai akwai Hide pointer while typing, cire alamarsa. Display pointer trails yana sa mata jela in tana tafiya. Yana taimakon wasu, wasu kuma yana gajiyar musu da ido, don haka in ka kunna, bar shi a gajere.

Akwai wanda ke ruɗa masu koyo: kibiya ta fice ta gefen allo ta ƙi dawowa da wuri. Duba ko an jona talabijin ko majigi ta wayar HDMI, wataƙila ma a kashe. Kwamfutar tana ɗauka akwai allo na biyu, kibiyar tana can. Danna Windows da P, zaɓi PC screen only, ko Duplicate in yana son duka biyun.

In Mac ce, wato kwamfutar Apple, girgiza maus da sauri kawai, kibiyar za ta kumbura na ɗan lokaci. Girmanta na dindindin yana cikin Accessibility, ƙarƙashin Display.

Kafin ka miƙa masa, buɗe farin shafi, sannan hoto mai duhu, ka bar shi ya nemo ta da hannunsa a duka biyun.