Tambaya da Amsa: Me Ake Kallo a Zanen Itatuwa da Gajimare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce da ke karatu a Landan. Kwanakin baya wata ƙawata ta ja ni zuwa baje kolin ayyukan John Constable, mai zanen karkarar Ingila, kuma ban yi minti 20 a ciki ba na fito. Abin da na gani bai wuce itatuwa da dawaki da gajimare ba, alhali ga waɗansu mutane sun tsaya gaban zane ɗaya kamar an dasa su. Wasu ɗakunan kuma hasken cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Ina so in koma kafin a rufe baje kolin. Me ya kamata in duba, kuma me ya sa ake rage hasken?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Na ji daɗin cewa kina da niyyar komawa, domin irin wannan zane ba ya ba da abin da ke cikinsa ga mai wucewa da sauri. Shawarata ta farko ita ce ki cire wa ranki cewa sai kin ga komai. Ki zaɓi zane uku ko huɗu, ki ba kowanne aƙalla minti 10, kuma ki fara kallonsa daga sama.

Dalilin da ya sa na ce daga sama yana cikin tarihin mutumin. An haifi Constable a shekarar 1776 a ƙauyen East Bergholt da ke yankin Suffolk, kuma mahaifinsa yana da gidajen niƙa, wasu masu aiki da ruwa, wasu masu aiki da iska. Yaron da ya yi aiki a injin da iska ke juyawa dole ne ya koyi karanta sararin sama, ya san inda hadari ya doso da lokacin da iska za ta sauya. Wannan ido ne ya shigo da shi cikin zane. A shekarun 1821 da 1822, yana zaune a Hampstead da ke arewacin Landan, ya riƙa fita yana zana gajimare kaɗai da fentin mai a kan takarda, sannan ya juya bayan takardar ya rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska ke kaɗowa. Saboda haka idan kin tsaya gaban aikinsa, ki tambayi kanki: ƙarfe nawa ne a cikin wannan zane, ruwan sama ya wuce ne ko yana tafe, kuma daga wane ɓangare rana ke faɗowa? Da zarar kin sami amsa, za ki ga cewa inuwar da ke kan ciyawa da ƙyallin da ke kan ruwa duk daga saman nan suka sauko.

Bari in ɗauki zanensa mafi shahara, The Hay Wain, wato amalanken ciyawa, wanda ya kammala a 1821, kuma yake ajiye a National Gallery, gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan. Sunan da shi kansa ya fara ba shi yana nufin karkara da tsakar rana, abin da ke nuna cewa lokacin ne ya fi damunsa. Faɗinsa ya kai kusan ƙafa 6. Daga nesa za ki ga amalanke babu kaya a ciki, dawaki sun ja shi cikin ruwan kogin Stour, ga wani tsohon gida a hagu, ga kare a bakin gaɓa yana kallo. Sai ki matso kusa, iyakar inda aka yarda. A can nesa ta dama, cikin fili, akwai masu yankan ciyawa, kowannensu bai wuce ɗigon fenti biyu ko uku ba. A wuyan dawakin akwai ɗan ja, wanda ya sa koren da ke kewaye ya ƙara fitowa. A kan ruwa da ganyaye kuma akwai farin fenti da ya yayyafa, wanda masu suka a zamaninsa suka riƙa kira ƙanƙarar Constable don ba'a. Idan kin ja da baya taku biyar, wannan farin zai koma hasken rana a kan jiƙaƙƙen ganye. A ganina, wannan kai da komo tsakanin kusa da nesa shi ne babban abin da mai zuwa gidan zane ke samu wanda hoton waya ba zai ba shi ba.

Yana da kyau ki sani cewa zanen nan bai sami mai saye ba da aka fara nuna shi a Landan, domin manyan masu sayen zane na lokacin sun fi daraja labaran tarihi da hotunan masu mulki a kan gonaki da gidajen niƙa. Sai da aka kai shi Paris a 1824 ya burge masu zanen Faransa, har Sarki Charles na 10 ya ba Constable lambar zinariya. A ƙasarsa kuwa bai zama cikakken memba na Royal Academy, babbar ƙungiyar masu zane ta Ingila, ba sai 1829, yana da shekara 52, shekara 8 kafin rasuwarsa.

Idan baje kolin ya haɗa da zane-zanen gwaji, kada ki raina su don ƙanƙantarsu ko don kamar ba a gama su ba. Manyan ayyukan a ɗakin aikinsa ya yi su, amma ƙananan a fili ya yi yawancinsu, cikin gaggawa kafin gajimaren ya watse, kuma a nan ake ganin sawun burushi ɗanye. Gidan tarihi na Victoria da Albert yana da tarinsu mai yawa, wanda 'yarsa Isabel ta bayar a 1888, sannan gidan yana kuma da babban gwajin amalanken nan mai girman na ainihi.

Game da ƙarancin haske, ba tsimin lantarki ake yi ba. Haske yana kashe launi sannu a hankali, yana kuma sa takarda ta yi rawaya, kuma ɓarnar da ya yi ba ta gyaruwa. Shi ya sa ake rage shi sosai a ɗakunan da ke da ayyukan takarda da fentin ruwa, kuma a yawancin wurare ake hana kunna walƙiyar kyamara. Idan kin shiga irin wannan ɗaki, ki ɗan tsaya kusa da ƙofa na minti biyu har idonki ya saba, kafin ki doshi bango. In da hali, ki je da safe a ranar aiki, lokacin da cunkoso bai yi yawa ba, domin ki sami filin ja da baya ba tare da kin taka ƙafar kowa ba.