Amsa kan zuwa aikin sa kai da iyali a mafakar giwaye

Malama, kin tambayi yadda za ku tsara tafiyar da yara. Ki fara da tace wurin: duk inda ake hawan giwa ko sa ta wasa, ki bar shi, don da duka da sarƙa ake horar da ita tun tana ƙarama. Elephant Nature Park, kusa da Chiang Mai a Tailan, ba ya yin haka.

Ki tambaye su mafi ƙarancin shekarun yaro kafin ki sayi tikiti. Aikin ba wasa ba ne: yankan ciyawa, wanke 'ya'yan itace, kwashe kashi.

Ku guji zuwa Chiang Mai a Maris da Afrilu, don a lokacin hayaƙin ƙona gonaki yana cutar da ƙirjin yara. Ku tabbata fasfonku yana da sauran aƙalla wata 6 kafin wa'adinsa ya ƙare, kuma ku nemi rigakafin cizon mahaukacin kare, akwai karnuka da yawa a wurin.