Ɗana na fama da karatu, 'yan aji kuma sun sa shi gaba: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa 9, yana aji huɗu a makarantar gwamnati. Har yanzu sai ya bi baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya kafin ya haɗa kalma, alhali in aka karanta masa labari zai maimaita shi tsaf. Wasu yara uku a ajinsu sun laƙaba masa suna, suna kwaikwayon yadda yake karatu, sau biyu suna yaga masa littafi. Malamin aji ya ce wasan yara ne, shugaban makaranta ya ce zai duba, har yau shiru. Yanzu kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Yaya zan nema masa taimako na musamman, kuma wa zan kai wa ƙara? — Wata uwa

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah Ya kawo sauƙi. A zuciyar yaronki damuwar guda ce, amma a teburin shugaban makaranta ki mayar da ita biyu: takardar koken cin zali daban, takardar neman a gwada karatunsa daban. In kika haɗa su, amsar da za ki samu ita ce a jira sakamakon gwaji. Gwaji kan ci watanni, su kuwa yaran nan uku gobe da safe suna nan suna jiransa.

Mu fara da batun "wasan yara". Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam da ya fara nazarin wannan matsala a makarantun Suwidin da Norway tun shekarun 1970, ya ware alamomi uku da ke raba cin zali da wasa: ana yi da gangan, ana maimaitawa, kuma ɓangare ɗaya ya fi ƙarfin ɗayan, ko da jiki, ko da yawa, ko da baki. Duka ukun suna cikin wasiƙarki. A wasa kowa dariya yake yi, wanda aka tsokana yau shi zai tsokani wani gobe. Wanda kullum shi ake wa dariya ba wasa ake yi da shi ba. Abin kuma ba a makarantarku kaɗai yake ba: rahoton da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya gamu da cin zalin 'yan uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci binciken.

Abin da ya hana kokenki tafiya shi ne da baki kika yi shi. Maganar da aka yi a bakin ƙofar ofis iska ke kwashe ta. Ki samu ƙaramin littafi, duk ranar da wani abu ya faru ki rubuta shi a taƙaice, kamar haka: "Talata, lokacin tara, bayan aji: wane da wane sun ƙwace littafin Turanci sun yaga shafi huɗu, yara biyu sun gani, an gaya wa malamin aji." Ki ɗauki hoton littafin da aka yaga. Da wannan za ki rubuta koken, ba zagi, ba dogon tarihi. Ki nemi a bincika, a faɗa miki wane babba ne zai riƙa sa ido a wuraren da abin ke faruwa (galibi filin wasa ne, da banɗaki, da bakin ƙofa lokacin tashi, inda idon malami ba ya kaiwa), sannan a ba ki amsa a rubuce zuwa wata rana da za ki ambata, misali mako guda. Ki kai kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a kan naki ki dawo da shi gida.

Akwai hanyoyin da makarantu ke bi don su huta, ni kuwa ba na goyon bayansu. Ɗaya ita ce a kira yaran a ce su gaisa, magana ta wuce. Sulhu na waɗanda suka yi faɗa ne ƙarfi ɗaya; wanda aka zalunta, in aka tsayar da shi gaban mutum uku, cewa zai yi ya yafe don tsoro, su kuma su tare shi a hanya saboda ya kai ƙara. Ta biyu, a sauya wa ɗanki aji ko kujera a bar masu laifin inda suke, sai ya zama shi aka hukunta. Ke ma kada ki je gidajen iyayensu da kanki, kada kuma a ce masa ya rama. Ranar da ya rama, sunansa ne zai shiga littafin masu laifi.

In ranar da kika ambata ta wuce ba amsa, ki haɗa kwafin koken da sabuwar takarda zuwa ofishin ilimin da ke kula da makarantar. Amma in an ji masa rauni, ko an yi masa barazana da makami, ko an taɓa shi a al'aurarsa, wannan ya wuce ladabtarwar makaranta. Asibiti za ki fara kai shi, daga nan hukumar kare yara ko 'yan sanda, ba sai kin jira kowa ba.

Sai karatun. Kafin komai a duba masa ido da kunne, don yara da dama da ake wa kallon marasa ƙoƙari allo ne ba sa gani ko muryar malami ce ba ta isa gare su. In waɗannan lafiya lau ne, abin da kika siffanta, wato yaro mai fahimta da kunne amma haɗa baƙi da sautinsa na ba shi wuya, ya yi kama da matsalar da ake kira disleksiya. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma duka ko maimaita aji ba sa maganinta. Ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, sai ƙwararre ya zauna da shi. Wannan gwajin za ki nema a takarda ta biyu, ki haɗa da littattafan rubutunsa da sakamakon jarrabawarsa.

Ki sani ba alfarma kike roƙo ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, a sashe na 24, ta ɗora wa ƙasashen da suka amince da ita nauyin ba irin wannan yaro tallafin da ya dace a cikin makarantar da kowa ke zuwa. Yadda ake aiwatarwa ne ya bambanta. A Amurka, dokar da ta samo asali a 1975 ta sa gwajin kyauta ne, a kammala shi cikin kwana 60 daga sa hannun iyaye sai in jiha ta tsayar da nata wa'adin, a kuma sake duba shirin karatun yaron duk shekara. A Ingila, dokar 2014 ta ba hukuma mako 20 daga ranar da aka nema zuwa fitar da shirin. Saboda haka ki tambayi ofishin iliminku, a rubuce, mene ne wa'adinsu kuma wa ke yin gwajin.

Ranar zama da malamai kada ki je ke kaɗai, ki tafi da wanda zai riƙa rubuta abin da aka faɗa. In an ce "za mu ba shi kulawa", ki tambaya: wane malami, minti nawa, sau nawa a mako, kuma da me za a gane ya ci gaba nan da ƙarshen zango? Ko makarantar da ba ta da ƙwararre za ta iya zaunar da shi a gaba, ta ƙara masa lokaci a jarrabawa, ta karanta masa tambayoyin lissafi da kimiyya da baki don a auna abin da ya sani.

Abu ɗaya kuma ki nema tun wannan makon, kafin gwaji da komai: malami ya daina tayar da shi karatu gaban aji ba shiri. A can yaran ke samo abin da suke kwaikwayo. In dole ne ya karanta, a ba shi layukan tun ana gobe ku bi su tare a gida. Ciwon cikin ma a kai shi likita ya duba, ki kuma lura ko yana zuwa ranakun da babu makaranta, ki sa wannan cikin littafinki.